Ramin da Yaya ya huda a tanki

Shekarar da aka rufe kanal ɗinmu na ban ruwa don yashe, irin tumatir ɗin Yayana yana gadon reno, ko dashe bai kai ba. Shi ke nan abin da ya dogara da shi a ranin. Ruwa ya ɗauke, ganye ya fara langaɓewa.

Dabarar Yaya ita ce ya ɗora tankin roba a kan tudu, mu riƙa ciko shi da amalanken shanu daga rafi, tiyo ya kai ruwan gado. Abin da ya rage a huda gindin tankin a sa famfo. Ya aro injin huda mai batir wurin wani kafinta a Bunkure, ya sayo zarton huda a Kura, irin mai kamar gwangwani da haƙora a baki. Ƙarfen da ke haɗa zarton da injin kuwa, a akwatin kafintan ya tsinto shi, bai ko gwada ba.

Ƙarfen ya zauna a bakin injin daram, amma a gindin zarton sai lilo yake, bakinsa da ake murɗawa ya yi siriri. Zarton ma yana da ƙananan ramuka biyu na ƙusoshin da za su riƙe shi, ƙarfen namu ba shi da su.

Na ce, "Yaya, mu koma Kura da zarton da injin duka, a gwada mana wanda ya dace."

Ya ce, "Kafin mu je mu dawo iri ya mutu. Miƙo min roba."

Mu mutanen fadama ba abin da ba ma ɗaurewa da robar tayar babur. Tiyo ya tsage, roba. Bakin injin ban ruwa yana yoyo, roba. Wallahi har yau in na ga ana yanka ta raina ɓaci yake. Yaya ya naɗe ƙarfen, ya cusa zarton da ƙarfi, ya yi bisimilla.

Da farko zarton ya ci robar tankin lafiya. Sai zarton ya karkace, ya yi tsalle, ya ja tsaga mai tsawon tafin hannu. Ramin ya fito kamar ƙwai.

Muka liƙe da narkakkiyar roba, muka sa famfo, muka yini jigilar ruwa har shanun suka gaji. Kafin tankin ya kai rabi tsagar ta buɗe. Muka sake liƙewa, ta sake buɗewa. Abin da ke isa gado bai fi a jiƙa baki ba.

Ranar da aka sako ruwan kanal na bi Yaya gona. Irin ya bushe ƙurmus, in ka taɓa sai ya marmashe. Ya tsuguna a gindin tankin ya daɗe, inda yoyon ya sa ciyawa ta fito koriya shar. Ya sa hannu ya fara cire ta, ya ce in kai wa shanu.