Mutumin da ba ya faɗin wanda ya aikata

Ranar da Malam Garba ya fara shigowa ajina ba ta taɓa fita raina ba, kuma ku da za ku gaji aikin nan ya kamata ku ji labarinsa.

Lokacin ina koyar da rubutun Turanci a wata ƙaramar makarantar manya a unguwar New Bell ta birnin Douala, bayan la'asar. Ɗalibaina 'yan kasuwa ne da teloli da wasu matasa masu burin zama marubuta. Tsarinmu shi ne kowa ya rubuto sakin layi ɗaya a gida, ya karanta a aji, mu gyara tare. A shekarun ne rikicin yankin masu Turanci na ƙasarmu ya yi zafi, har koyar da Turanci a Douala ya zama abin da ake yi wa kallo biyu. Shugabarmu, Hajiya Dije, ta gargaɗe mu: nahawu kawai, ban da siyasa.

Malam Garba dattijo ne mai tsafta, ba ya yawan magana. Ya ce daga unguwar PK 14 yake zuwa, can gefen gari. A unguwarmu kowa ya san kakan kowa, shi kuwa babu wanda ya san shi. Kullum a baya yake zama, kusa da ƙofa, wayarsa a kife kan tebur. Turancinsa kuma ya fi na kowa a ajin. To me ya kawo shi?

Ba a yi nisa ba raɗe-raɗi suka fara. Wani ya ce ɗaukar muryoyinmu yake yi. Wani ya rantse ya ga ɗan bensikin, wato ɗan acaɓa, ya sauke shi kusa da ofishin 'yan sanda. Ɗalibai suka fara janyewa. Hajiya ta kira ni ofis.

"Malam Sani, mutumin nan naka fa? In aka rufe mana makaranta, ina za mu sa kanmu?"

Na ce, "Hajiya, ki ba ni lokaci in gane shi."

Abin da ya ƙara min zargi shi ne rubutunsa. Babban darasina a kullum shi ne jimla ta fito da mai aikatawa a fili: wane ya yi me. Shi kuwa sai ya rubuto, "The shop was burnt. The door was broken." Wato an ƙona shago, an fasa ƙofa. An, an, an. Na yi ta tambayarsa a gaban aji, "Wa ya ƙona? Wa ya fasa?" Sai ya dube ni kawai. Na ɗauka tarko yake ɗana min, yana so in ambaci wani ɓangare na rikicin da bakina.

Wata Alhamis da aka tashi na tsayar da shi. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Malam, don Allah ka gaya min gaskiya. Wa ya sa ka?"

"Wa ya sa ni me?"

"Ka yi ta tambayata sunan waɗanda suka aikata. Kullum wa, wa. Wa kake kai wa rahoto?"

Na zauna a kan benci. Ashe duk tsawon lokacin nan shi ma tsorona yake ji. Na rantse masa cewa dokar nahawu ce kawai. Daga nan ya saki jiki da ni. Ya ce shi tela ne, haifaffen unguwar Hausawa ta Bamenda, can yankin masu Turanci. Shagon da yake rubutawa nasa ne. Yana so ya rubuta abin da ya faru da Turanci saboda jikokinsa, don shi suke karantawa. Wayar kuwa kiran gida yake jira.

"Na san bambancin jimlolin nan, Malam," in ji shi. "Amma wanda ya ƙona shagon ya san ɗakin da mahaifiyata take kwana. Ta ƙi tasowa daga Bamenda."

Na ce masa to ya bar sunan. Ya fara jimlolinsa da kansa: me ya gani, me ya ɗauka, ina ya nufa. Mako na gaba ya miƙe ya karanta yadda ya tono kan keken ɗinkinsa daga toka, ya naɗe shi a zanen matarsa, ya rungumo shi a mota har Douala. Babu sunan kowa a ciki, kuma babu jimlar da ta yi duhu. Wanda ya ce ya gan shi wajen 'yan sanda shi ya fara zuwa ya ba shi hannu.

Har na yi ritaya ina koyar da cewa a fito da mai aikatawa, ku ma ku koyar. Amma in kun ga ɗalibi mai hankali yana ta kauce wa doka ɗaya, kada ku matsa masa a gaban jama'a. Ku jira a tashi, ku tambaye shi lafiyar mutanen gida.