Ranar da Kwarkwasa Ta Shiga Ɗakin Baba

Shekarar da aka rage ma'aikata a ofishin da nake buga takardu, na koma gidanmu na unguwar New Bell ina jinyar Baba. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, bakinsa ya karkace, sai dai ya yi magana da ido. Lokacin ne kuma ake rufe gari kwana da kwanaki, ba kasuwa, ba taksi, sai hayaƙin taya daga bakin titi.

Wata Talata da hantsi, bayan ruwan kwana uku, ina wanki a tsakar gida sai na ga kyankyasai suna fitowa daga ƙarƙashin katakon bango, da rana ƙiri-ƙiri. Gizo-gizo na hawa sama. Wani ɓera ya bi ta kan ƙafata ko kallona bai yi ba.

'Yar tururuwa guda ɗaya na fara gani. Ta fito daga lambatu, ta yi kamar taku biyu, ta tsaya, ta juya da gudu. Wata ta zo ta ɗan wuce inda ta farko ta tsaya, ita ma ta koma. Haka suka yi ta ƙara tsawo, kafin in matse zani hanyar ta yi kaurin hannuna, tana sheƙi. Masu ƙaton kai sun jeru gefe da gefe, baki a buɗe, ƙananan na kwarara a tsakiya. Na duba in ga wadda ke jan su, ban gani ba.

Na ɗauko kananzir na zuba a gabansu. Nan ne na yi kuskure. Hanya ɗaya ta rabu uku, biyu suka shige ƙarƙashin bango.

Wani Alhaji Bakano mai sayar da atamfa, da ke haya a ɗakin zaurenmu, ya fito da buta a hannu. Ya dubi ƙasa, ya ajiye butar.

"Malama, kwarkwasa ce. Ina tsoho?"

"Yana ciki, Alhaji."

"Innalillahi! Zo mu fitar da shi."

Muka shiga, daɓen ɗakin duk yana motsi. Sun riga sun hau ƙafafun gado. Baba na kwance yadda na bar shi, suna bin wuyansa, hannunsa mai lafiya yana ta lalube, ɗayan ya yi baƙi da su bai ma sani ba. Ba ya iya ihu. Hawaye ne kawai ke gangarowa cikin kunnensa.

Muka sungume shi da katifar, suna cizonmu har gwiwa, muka bi ta kan katakon da aka shimfiɗa a taɓon lungu. Maƙwabciyarmu, wata Kirista mai toya fanke, ta wangale ƙofa tana cewa da Faransanci da Hausa, "Entrez, vite, ku shigo da shi!"

Mu uku muka duƙufa muna tsince su. In ka ja, jikin ya tsinke, kan ya tsaya maƙale a fata. Ɗaya ta shige kunnensa, matar ta ɗiga manja har ta taso. Na ce a kai shi asibiti, Alhaji ya nuna min wajen titi da haɓa. Ihun jama'a na tasowa, sai kuma ƙarar bindiga. Muka zauna.

Bayan la'asar na leƙa gida. Tsit, ko kyankyaso babu. Kazarmu da ke kwanci a kwando sai ƙashi da gashi. Wutsiyar rundunar na shigewa ta ƙarƙashin kwanon dangar gidan baya, gidan da aka yi haihuwa a satin. Na ruga na buga musu ƙofa, suka fito da jaririyar a guje.

Da muka zo mayar da Baba, ya damƙe ƙafar kujerar matar, ya ƙi saki. Kwanansa tara a falonta. Ko da ya yarda ya koma, sai da muka tsoma ƙafafun gadon cikin gwangwanayen kananzir. Watanni biyar da suka rage masa, in na jingine shi da filo, ƙasa kawai yake kallo.