Fatar da Ba a Sa wa Gishiri

Har yau in zan tashi tafiya, da ƙafar hagu nake farawa. Ko masallaci zan shiga, sai na tsaya a bakin ƙofa na canza ƙafa, kamar wanda ya taka ƙaya. Tun muna sabon aure a unguwar Atrone ta N'Djamena matata take yi mini tsiya a kan wannan, har ta gaji ta bari. Na sha gaya mata ba laifina ba ne, laifin babbar ganga ne, ita kuwa sai ta ce to ganga ta zo ta biya mini takalmin hagu da ke riga na dama cinyewa.

Ina da shekara goma sha bakwai na shiga fanfar, abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira badujala. Ƙungiya ce ta samari, muna atisaye a filin wata makaranta a unguwar Gardolé: masu begila a gaba, masu ƙananan ganguna a tsakiya, babbar ganga guda ɗaya tak. Shugabanmu wani tsohon soja ne daga kudu, siriri, da usur a wuya. Metir muke ce masa. Ba ya jin Hausa, da Larabci yake mana faɗa, in abin ya kai maƙura ya juya Faransanci.

Da ƙaramar ganga na fara, kuma kullum ni ne abin faɗa. Matsalar hannuna ce. Ni ɗan mahauta ne daga unguwar Mardjandafak, a cikin kalangu na buɗe ido. Ko na ƙudura zan yi kiɗan soja sak, sai hannun ya saci hanya ya ƙara wani ɗan karairaya a tsakani, irin wanda ke sa kafaɗa rawa. Layin da ke bayana sai ƙafa ta harɗe. Metir ya busa usur.

"Kai! Fareti muke yi ko bikin aure?"

Rannan ya gaji, ya karɓe sandunan, ya rataya mini babbar ganga a ƙirji. Ya ce wannan bugu ɗaya gare ta, kuma a ƙafar hagu yake sauka. In na yi mata ado ko sau ɗaya, in kama hanyar gida. Horo ya yi nufi, amma wallahi ban taɓa son wani abu kamar gangar nan ba. Ka ɗaga hannu ka sauke, ka ji ƙafafun mutane gaba ɗaya sun faɗi tare da hannunka, ƙasa ta amsa, cikinka ya amsa. Ni da ko a gida ba a sauraron maganata, ga layi guda yana jiran hannuna.

Baba bai hana ni ba, amma bai taɓa tambayata ba. A wurinsa maganar a fili take. Mahauta ake yi wa kiɗa, ba su ke yi ba. Akwai wani tsoho mai kalangu da ke zagaya rumfunan nama da hantsi, ya tsaya gaban kowa ya kaɗa masa takensa. In ya zo kan Baba, sai Baba ya ɗaga wuƙa sama yana murmushi, sannan ya yanki tsoka ya ƙunshe a takarda ya miƙa masa. Rabon makaɗi ke nan, haka aka gada. Ranar da Baba ya fara ganina da ganga a ƙirji, kallo ɗaya ya yi mini ya ce, "To, kai ma sai mu riƙa yanka maka." Ya ci gaba da wasa wuƙarsa. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, har na kasa cin abinci.

Shekarata ta biyu aka sa ƙungiyarmu cikin babban faretin ranar 'yancin kai na watan takwas, tsakiyar damina. Saura mako uku, ina cikin zumuɗi na kai wa gangar bugu, sai na ji sandar ta shige ciki. Fatar ta tsage tun daga tsakiya har baki.

Metir bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya ce akwai wata ƙungiya da za ta ara mana ganga, amma su ba sa ba da ganga sai da mai kaɗa ta. In ranar atisayen ƙarshe tamu ba ta tashi ba, zai karɓo tasu, ni kuma in tsaya bakin titi in yi tafi.

Sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Fata? Metir, a gidanmu fata muke takawa mu shiga ɗaki. Ba ni kwana huɗu."

Kuma gaskiya ne, a zaurenmu fatu a jibge suke suna jiran 'yan saye. Na zaɓi ta wani ƙaton bunsuru, babu huji ko ɗaya. Na jiƙa ta, na kankare gashin, na ja ta a kan kewayen katakon, na ɗaure. Aka yi kwana biyu ana rana, ta bushe ƙarau. Da na kai ta fili na buga, har masu begila suka juyo. Na yi ta hura hanci, ina tafiya kamar ni na ƙera N'Djamena.

Kwana na uku aka yi ruwa. Da yamma na ɗaga sanda na sauke, sai na ji bif, kamar an doki katifa. Na sake, bif. Fatar ta saki, ta yi gumi, tana naso. Yara suka fashe da dariya. Metir ya zo ya shafa ta da yatsa, ya kai baki ya lasa, ya tofar.

"Gishiri! Ganga na ce ka kawo ko kilishi?"

Sai a nan na gane. Mu a gida, fata tana barin jikin dabba ake zuba mata gishiri don kada ta ruɓe kafin mai saye ya zo. Tun ina rarrafe haka nake gani, ban taɓa sanin akwai fatar da ba a sa wa ba. Shi kuwa gishiri, da ya ji danshi sai ya janyo ruwa. Saura kwana goma sha biyu atisayen ƙarshe.

Mutum ɗaya na sani da ya san fatar kiɗa, shi ne tsohon mai kalangu. Na yi ta juya abin a raina. Ɗan mai rumfa ya je ya durƙusa gaban wanda ake miƙa wa tsoka a takarda? Amma da na tuna wani ƙato zai rataya ganga a wurina, ni ina tafi, sai na sa takalmi. Na same shi a ƙofar gidansa yana gyara tsarkiya. Da ya ji labarin ya yi dariya har ya yi tari.

"Kai jikan nan, ashe ku mahauta ba ku san fata ba, nama kawai kuka sani!"

Na ce, "Kaka, yi dariyarka ka gama, ni dai ba zan tashi ba sai ka gaya mini."

Ya gaya mini. Fata ɗanya, daga jikin dabba zuwa hannuna, ko ƙwayar gishiri kada ta gani. Toka za ta cire gashin. A inuwa za ta bushe, inda iska ke bi. In ta saki ranar danshi, a nuna mata wuta daga nesa, ana juyawa. Sannan babbar magana: kada wuƙa ta taɓa ta wajen fiɗa. Ko ɗan kartar da ido ba ya gani, nan za ta tsage in an ja ta. Da dunƙulen hannu ake raba ta da nama.

"Kuma a kasuwar nan kaf," in ji shi, "mutum ɗaya ya rage mai irin wannan hannun. Gidansa kake kwana."

Na dawo gida ƙafata da nauyi. Bayan la'asar Baba yana zaune a zaure, na durƙusa na faɗa masa komai, har da maganar kilishi, ban rage ba. Ya daɗe yana jan carbi.

"Da fatar zaurena aka yi maka dariya?"

"Da ita, Baba."

Da safe ya ce in bi shi mayanka. Ya zagaya cikin awaki ya nuna wani babban bunsuru. Bayan an yanka, ya tsaga inda ya kamata a tsaga, sai na ga ya goge wuƙar ya miƙa mini. Ya naɗe hannun riga, ya dunƙule hannu, ya tura tsakanin fata da nama. Aikin da yake gamawa kafin a sha kofin shayi, rannan ya ɗauke shi har rana ta ɗaga. Gumi yana ɗiga daga gemunsa. Abokan sana'a suna wucewa suna tsokanarsa, wai yau dambe yake da bunsuru, bai kula su ba. Da ya gama ya ɗaga fatar ya duba ta a hasken rana, ya ɗora mini a kafaɗa.

"Ba don kiɗanku ba," ya ce. "Ba na so a ce fata ta fito daga hannuna ta ba da kunya."

Bushe fata a watan takwas ba wasa ba ne. Na shanya ta a rumfar bayan madafa, ina korar ƙuda da mafici. Inna ta ce ko ni ko warin nan, ɗaya zai bar mata gida. Hadari ya taso in kwashe, ya wuce in mayar. Tokar ta cinye mini fatar yatsu. Sau biyu na ɗaure ta a kan gangar na kwance saboda ta karkace. Ranar atisayen ƙarshe na kai ta fili. Metir ya lasa yatsa tukuna, sannan ya ce in buga. Na buga. Ya ce, "Kalas, shi ke nan, koma wurinka."

Ranar fareti da asuba aka tafka ruwa. Ya ɗauke da hantsi, amma gari ya jiƙe, iska ta yi nauyi. Muna tsaye a layi cikin fararen kaya, ƙungiyoyi a gabanmu suna jiran a ba su hanya. Na ɗan ƙwanƙwasa gangar da yatsa. Ba ta mutu kamar waccan ba, amma ta yi sanyi, muryarta ba za ta wuce layi uku ba. Na tuna da wuta. Ina zan ga wuta a tsakiyar titi?

Na san inda take. Duk ranar taro Baba yana kafa tukubarsa a bakin hanya, can gaba inda jama'a suka fi cika. Ban nemi izini ba, don na san amsar. Na goya gangar na zura da gudu ta bayan mutane, ina tsallake kwata, farin wandona ya koma ja.

Baba yana tsakiyar ciniki. Ya dube ni, ya dubi gangar. Na ƙwanƙwasa ta kawai. Sai ya sa hannu ya ture balangun gefe, ya baje garwashin. Wani mai jiran nama ya fara ƙorafi, Baba ya ce masa ya yi haƙuri ko ya yi gaba. Ya kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muna juya ta sama da zafin. Lokaci lokaci yana ɗan bugun ta da yatsa, ya karkata kunne, irin yadda yake taɓa nama ya san ya yi. Muryar tana tashi a hankali, tana tashi, har na ji ta a haƙorana.

"Ta yi," ya ce. "Ruga."

Na iso ana ba ƙungiyar gabanmu hanya. Metir ya kalli wandona, idonsa kamar zai faɗo, ya buɗe baki zai fara. Na ɗaga sanda na sauke sau ɗaya. Ya rufe bakinsa, ya sa usur.

Kai, wannan tafiya! Begila ta tashi, ƙananan ganguna suka zubo, ni kuma ina ƙarƙashinsu duka ina riƙe da su. Hagu. Hagu. Mata suna guɗa, yara suna bin mu ta gefe suna kwaikwayon tafiyarmu. Gangar tana ƙamshin hayaƙin balangu. Ban ji nauyinta ba, ban ji igiyar da ke cin kafaɗata ba, daɗi kawai nake ji, har hawaye ya zubo mini ban san dalili ba.

Da muka zo daidai tukubar Baba, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Takensa yana nan a yatsuna, na san shi tun ina goye. Ɗan karairaya ɗaya ya isa ya san da shi nake. Amma layi guda yana tafiya a kan hannuna. Na cije leɓe, na kafa ido a ƙeyar na gabana, na wuce shi da bugu ɗaya ɗaya, ko waiwaye ban yi ba. Har aka kai ƙarshe ƙafar kowa ba ta harɗe ba.

Da aka sallame mu na koma wurinsa da gangar a ƙirji. Jama'a sun ragu, yana kankare tukuba. Bai ɗago ba.

"Ka wuce ni kamar ba ka san ni ba."

"Aiki nake, Baba."

"Yanzu fa? Ka tashi daga aikin?"

Na gyara tsayuwa. Babbar ganga ba ta magana kamar kalangu, amma na yi iya yina, sanda a dama, tafin hannu a hagu, na kaɗa masa takensa a bakin titi. Masu tsire na kusa suka bar abin da suke yi. Baba ya tsaya cik. Can sai ya ɗaga wuƙarsa sama.

Ya janyo takarda. Ashe ya ware tsoka tun da safe, can gefen wuta, ya hana kowa saye. Ya yayyanka ta, ya barbaɗa yaji, ya ƙunshe. Shi tsohon mai kalangu, da hannu ɗaya Baba yake miƙa masa tsoka. Ni da hannu biyu ya miƙo mini.

"Ungo rabonka," ya ce. "Ci da zafinsa."