Kujera ta Uku

A Gagamari aka haifi Aisa Munkaila, gidan manoman tattasai, kuma tun kafin ta iya ɗaurin kallabi ta san lokacin dashe da lokacin tsinka. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Aure ne ya kawo ta cikin garin Diffa, gidan Malam Tahiru, wani malamin makaranta ɗan Maraɗi da gwamnati ta turo aiki. Ya zo da niyyar yin shekara biyu, sai ga shi har furfura ta same shi a nan.

Zaman birni bai raba ta da gona ba. Tana da ɗan fage a bakin kogin Komadugu, kuma a can sunanta ya fara fita. A shekarun casa'in, fataken tattasai kan tsallako daga Najeriya su bi mata gida gida, su saye ɗanyen kaya yadda suka ga dama. Aisa ta bi matan nan ɗaya bayan ɗaya, har ta tara arba'in da 'yan kai. Ta ce kowa ta shanya nata ya bushe, a ɗura a buhu, kada wadda ta buɗe baki sai ranar kasuwa, kuma da murya ɗaya. Shekarar farko fatake suka yi fushi suka tafi. Bayan sati biyu suka dawo da kansu. Da abin da aka samu ƙungiyar ta sayi injin ban ruwa, shekara uku bayan nan ta ƙara na biyu. Tun daga lokacin babba da yaro Ya Aisa suke ce mata.

A damunar 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi. Matan ƙungiya suka cika tsakar gidan Malam Tahiru, suka ce ba su tashi sai ta yarda ta tsaya konseye, wato kansila. Ta tsaya, ta ci. A zaman farko na majalisar gari, maza na ta jayayya kan wurin da kowa zai zauna, ita kuwa ta tambayi dalilin da ya sa masu tattasai ke shanya a ƙasa, awaki na bi ta kai. Kafin wata uku aka kewaye musu fili.

Ana haka zaɓen depite, wato 'yan majalisar dokokin ƙasa, ya matso. Wata safiya Alhaji Rufa'i, shugaban jam'iyyarsu na jiha, ya yi sallama. Malam Tahiru ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kira Aisa.

"Ya Aisa, doka ta ce sai da mace a jerin 'yan takara," in ji Alhaji. "Mun duba, ba mu ga kamarki ba. Amma in gaya miki gaskiya, kujera biyu muke sa rai. Sai mun sami uku ta ukun ke zama ta mace. Ba sai kin wahalar da kanki ba, suna kawai muke so."

Aisa ta ce, "Alhaji, wato cikon buhu kuke nema?"

Ya yi dariya. "Haba, ban ce haka ba."

"To na yarda. Amma ni ban iya ba da aron suna ba. In na shiga, a ba ni mota."

Aka ba ta wata tsohuwar kamiyo, motar ɗaukar kaya, da direbanta Gajere, mutum ne da ya fi ƙofar motar tsawo. Da ita ta zagaya ƙauyuka. A Foulatari ta zauna da matan Fulani bakin rijiya tun hantsi har azahar, ba ta ce a zaɓe ta ba sai da suka gama faɗin nasu. A kasuwar Diffa wani ɗan adawa ya ɗaga murya yana cewa, "Depite da ba ta jin Faransanci, wa za ta yi wa magana a Yamai?" Ta juyo ta ce da Hausarta mai ƙamshin Barebari, "Ɗana, masu Faransancin sun shekara nawa a can? Ka ga sun kawo maka ruwa gona?" Kasuwa ta ɗauki shewa, mutumin ya sulale.

Saura kwana tara zaɓe aka shirya babban taro a Diffa. An kira makaɗa, an raba zannuwa, kuma ranar ce za a gabatar da ita gaban manyan jam'iyya da suka zo daga Yamai. Da sassafe tana shiri, sai ga Hajja Safara'u, ƙawarta tun kafa ƙungiya, ta shigo ko sallama ba ta gama ba.

"Aisa, kogi ya cika! Ganuwar ƙasar da ke tare ruwa gabas da Gueskérou ta fara zubewa. In ta fashe, tattasan ƙauye huɗu ya tafi, ga shi ya soma ja."

Komadugu haka yake, sai damuna ta wuce da watanni ruwansa ke isowa. Aisa ta cire sabon mayafin da ta yafa, ta aika aka kira Gajere. Kujerun taro ne a bayan motar. Ta sa aka sauke su a ƙofar gida, aka bi gidajen matan ƙungiya ana kwasar buhunan da suka tanada don girbi. Alhaji Rufa'i ya tare ta a bakin tasha, ransa a ɓace.

"Ya Aisa, baƙi sun yi tafiyar kwana biyu dominki! Me zan ce musu?"

"Ka ce musu ina bakin kogi, Alhaji. Mai son gani na ya zo da shebur."

Kwana uku ta yi a can. Maza na cika buhu da yashi, mata na miƙawa hannu da hannu, ita tana cikin laka har gwiwa tana nuna inda za a jera. Gajere ya yi sawu goma sha ɗaya tsakanin Diffa da wurin, har motar ta kafe sau biyu. A rana ta biyu wani gefe ya ɓalle, ruwa ya cinye gonaki bakwai a gaban idonsu, wani dattijo ya zauna a ƙasa yana kuka. Aisa ma ta share hawaye da bakin zane, sannan ta ce a koma aiki. Sauran ganuwar ta tsaya. Ba ta yi maganar zaɓe ko sau ɗaya ba, kuma da wani ya fara yi mata kirari da sunan jam'iyya, ta ce ya yi shiru ya ɗauki buhu, don rabin masu aikin 'yan wata jam'iyyar ne.

Ta dawo gida murya a dishe, ƙafafu sun kumbura. Malam Tahiru ya dafa mata ruwan zafi da kansa. Alhaji Rufa'i kuwa ko gaisuwa bai aiko ba.

Ranar zaɓe ta jefa ƙuri'arta ta wuce gona. Kwana biyu ana tattara sakamako. Daga cikin gari kujera biyu ta tabbata, kamar yadda aka zata. Sai ƙuri'un ƙauyukan bakin kogi suka fara shigowa, akwati bayan akwati, har daga wuraren da jam'iyyar ba ta taɓa samun ko goma ba. Da la'asar Malam Tahiru na zaune da rediyo a kunne, sai ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi.

"Uku! Aisa, uku ne!"

Kafin ta fito daga madafa guɗa ta kaure a unguwa. Mata suka cika gidan har kan katanga, masu ganga da algaita suka zo ba wanda ya kira su. Can sai ga Alhaji Rufa'i ya kutso cikin taron, ya tsaya gabanta ya cire hula.

"Hajiya depite, na yi kuskuren lissafi."

"Allah ne ya yi, Alhaji, da mutanen kogi. Zauna a kawo maka ruwa."

Ranar da za ta tafi Yamai, motoci da babura suka raka ta har bayan gari. A Gagamari aka tsayar da ayarin, domin mutanen garinsu sun fito bakin hanya. Wata tsohuwa, ƙanwar mahaifinta, ta riƙe hannunta ta taga tana yi mata addu'a da Barbarci, ta ƙi saki, har direba ya kashe mota ya jira ta gama.