Shekarar da Ƙuri'ar Elk ta Faɗo Kaina

Ina kan injin ɗaga kaya saƙon ya shigo, a babban siton da nake aiki bayan titin Wendover a Greensboro. Watan Mayu ne. Na ji wayar ta girgiza a aljihu, ban duba ba sai da muka fita cin abinci. Na karanta sau uku, na ajiye cokali, na nufi wurin abokin aikina da ke zaune a kan wani akwati yana cin burodinsa.

Dattijo ne Bature, ɗan McLeansville, yana da gonar gado da ɗan kurmi a bayanta. Shi ya fara kai ni farautar barewa a ƙasar nan, shi ya raka ni na yi kwas ɗin mafarauta na karɓi lasisi. Na miƙa masa wayar. Ya ɗora tabarau, ya karanta, ya cire hularsa ya buga ta a gwiwa.

"Tun kafin ka zo Amurka nake neman wannan takarda," in ji shi. "Ko sau ɗaya ba ta taɓa faɗo mini ba. Kai kuwa shekara tara kacal kana nema!"

"To za ka raka ni ko ba za ka raka ni ba?"

"Wa zai hana ni? Ko ɗaukar maka butar shayi ne sai na yi."

Elk dabba ce dangin barewa, amma girmanta ya kai na gwanki har ya wuce. A jiharmu akwai kaɗan a duwatsun yamma, ba a yarda a taɓa su ba. A gabashin Kentucky ne suke da yawa, kuma ko a can ba kowa ke shiga daji ya harba ba. Duk shekara hukuma kan fitar da izini ƙalilan, mutane su cike takarda kafin ƙarshen Afrilu, sai a jefa ƙuri'a. Mu da ba 'yan jihar ba, rabonmu bai taka kara ya karya ba. Izinin da ya faɗo mini na mace ne, marar ƙaho, na kwana biyar a ƙarshen Nuwamba.

Ni ɗan mahalba ne, kamar yadda muke cewa a wajenmu, gabas da Maradi. Babana da bindigar toka ya ci da mu. Amma kafin in yi wayo gonaki sun cinye dajin, abin da ya rage sai zomo da zabo. Na tashi da sanin sawu da iska da yadda ake taka ganye ba a ji ba, ban sami inda zan yi amfani da su ba sai da na tsallako teku, har furfura ta fito mini a gemu.

Da na koma gida na faɗa wa matata, ta ci gaba da kwashe tuwo har ta gama. Sannan ta zauna ta dube ni.

"Malam, barewar McLeansville na yi shiru, don gonar mutumin da muka sani ce. Amma wannan fa? Baƙin mutum, da gemu, da bindiga, cikin duwatsun da ba ka san kowa ba. Ba ka kallon labarai ne?"

"Ina kallo."

"To?"

"To in zauna a ɗaki don ina kallon labarai? Hajiya, takardata ta zama ɗan ƙasa tana cikin akwatin can, kusa da taki. Dajin nan na gwamnati ne. Abin da wani ke da shi a ciki, ni ma ina da shi."

Ta tashi ta shiga kicin. Daga can ta ɗaga murya ta ce in dai na matsa sai na tafi, to in sayi rigar nan mai launin lemo guda biyu, kada wani ya ce bai gan ni ba.

Maganar ba ta kwana biyu ba ta zaga unguwa. Ran Juma'a bayan an sauko, ina neman motata, sai wani Alhaji, babba a cikin 'yan ƙasarmu, wanda ba a ɗaura aure ko raɗa suna sai yana nan, ya yafuto ni da hannu. Akwai mutum huɗu ko biyar tsaye tare da shi.

"Malam, na ji an ce ka ci caca."

"Alhaji, ƙuri'a na ci."

"Ka biya, an juya sunaye, naka ya fito, na wasu bai fito ba. Mene ne sunan wannan a garinku?"

Aka yi dariya. Na bari ta lafa. Ina girmama mutumin nan, shi ya tsaya mini lokacin da mahaifiyata ta rasu ina nan ban iya zuwa ba. Amma ranar ban iya haɗiye maganar ba.

"Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji. Mu nawa ne a wurin nan ƙuri'ar biza ta kawo? Ni ita ta kawo ni. Na ga kuma babu wanda ya mayar da tasa ya ce caca ce."

Wani ya juya baya yana tari. Alhaji ya gyara zaman hularsa.

"To naman fa? Abin da harsashi ya kashe ai mushe ne."

"Na je wurin liman tun shekarar da na fara barewa. Ya buɗe littafi ya karanta mini. In ka yi bisimilla lokacin da ka saki harbi, ya halatta. In ka tarar da rai, ka yanka."

"Mu dai aiki muka zo yi ƙasar nan," in ji shi, "ba yawon daji ba. Mutum ya san matsayinsa."

"Aikin ina yi, Alhaji, shekara ashirin ban fasa ba. Dajin ma zan je."

Na gaishe shi da hannu biyu, na shiga mota.

Daga nan shiri ya kankama. Kowace Lahadi bayan azahar ina McLeansville. Dattijon kan shimfiɗa taswira a kan teburin baranda ya danne gefunanta da kofuna. Yankin da aka ba ni tsoffin wuraren haƙar kwal ne da aka baje aka shuka ciyawa, saman duwatsun fili fetal, gangarensu kuwa kurmi. Muka yi ta zana inda ruwa yake, inda hanya ta ƙare, inda gonar wani ta fara, don tsallake iyaka ko da taku ɗaya ne yana iya jawo a ƙwace izinin. Bayan nan sai mu gangara ƙarshen gonarsa in gwada bindiga. Ya kafa allo a nesa da na saba, ya ce sai na iya saka harsashi uku a jere a wurin da faranti zai rufe. Sai da Agusta ta yi na iya. A Satumba muka tuƙa awa biyar da wani abu muka je muka ga wurin da idonmu, muka kwana ɗaya, muka ga kashin elk da inda suka kwanta, ba mu ga ko ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna ƙafafuna ne. Mutumin da ke wuni a zaune kan inji ba zai hau dutse da kaya a baya ba. Unguwarmu shimfiɗe take, sai na gano titunan Irving Park suna da ɗan hawa da gangara, ga inuwar manyan itatuwa. Bayan asuba sai in cusa buhun shinkafa a jakar goyo, in ajiye mota a bakin unguwar, in yi ta zagaye har awa guda kafin in wuce aiki.

A mako na biyu wata mota ta rage gudu kusa da ni. Wata Baturiya ce mai kama da shekaruna, ta sauke gilashi rabi.

"Wani gida kake nema?"

"A'a."

"Aiki kake yi wa wani a nan?"

"A'a. Tafiya nake yi."

Ta dubi jakar. "Me ke ciki?"

Na san zan iya wucewa ban tanka ba. Na san kuma abin da kan biyo baya in aka wuce ba a tanka ba. Na sauke jakar a kan titi, na zuge ta, na nuna mata buhun.

"Shinkafa ce. An ba ni izinin elk a Kentucky, ina horar da ƙafafuna. Gobe ma zan zo, war haka, da jibi, har Nuwamba. In kin gan ni ba sai kin tsaya ba."

Ta ɗaga gilashinta ta tafi. Washegari na dawo sanye da hular farauta mai launin lemo wadda ake hangowa daga ƙarshen titi. Na ƙara rabin buhu a watan Oktoba.

A wurin aiki ma sai da aka ja. Ƙarshen Nuwamba lokacin rububin kaya ne, sufabaiza ya ce ba mai tafiya hutu. Na fito masa da kwafin takardar hutun da ya sa wa hannu tun Mayu. Ya ce lokacin bai lura da kwanakin ba. Na ce ni na lura. Na gaya masa zan yi duk Asabar ɗin Oktoba in yana so, amma ranar da aka rubuta ba zai gan ni ba. Ya ɗauki Asabar ɗin.

Muka isa Kentucky ana yayyafi mai sanyi. Kwana uku muna hawa muna sauka. Ranar farko hazo ya rufe kome. Rana ta biyu muka hango garke a wani tudu, kafin mu zagayo iska ta juya, suka ɗaga kai gaba ɗaya suka bi gangare. Rana ta uku gwiwar dattijon ta kumbura, ya ce ba zai iya hawa ba, zai jira ni a mota. Na yi sallolina a kan ciyawa mai raɓa, bindiga jingine da dutse. Mafarauta biyu suka wuce ni ina tahiya, ɗaya ya tsaya yana kallo. Na sallame a natse, na ɗaga masa hannu. Shi ma ya ɗaga.

Rana ta huɗu da hantsi ina kwance bayan wani tsibin duwatsu, sai ga elk sun fito daga kurmi, su bakwai, suna kiwo suna matsowa. Na zaɓi wata babba da ba ɗan da ke bin ta. Na jira ta ba ni gefe. Na ja numfashi na saki rabi, na yi bisimilla, na taɓa kunamar bindiga. Ta yi tsalle, ta yi gudu kamar taku talatin, ta durƙushe. Da na isa da sauran rai. Na juya ta gabas iya ƙarfina, na sa wuƙa.

Na daɗe a tsugune kusa da ita, hannuna a kan wuyanta da ɗuminsa. Ban taɓa ganin dabbar daji mai wannan girma a gabana ba.

Sannan aikin gaske ya fara. Dokar jiharmu ba ta yarda a shigo da gawar irin wannan dabba ɗungum daga wata jiha ba, saboda wata cuta da ake gudu, sai an raba nama da ƙashi. Na kira hukuma na ba da rahoto kamar yadda aka ce, na feɗe ta a nan inda ta faɗi, na yanyanka na zuba a buhunan yadi. Tsakanina da mota akwai tafiyar fiye da rabin awa, yawancinta gangare mai santsi. Sawu huɗu na yi. A na uku na zame na zauna daɓas a cikin laka da nama a baya, na yi ta dariya ni kaɗai kamar mahaukaci. Dattijon yana ƙasa yana jera ƙanƙara a kuloli, yana ɗingishi, duk sawun da na sauko sai ya miƙo mini shayi ya ce, "Saura nawa?"

Muka shigo Greensboro washegari da la'asar. Matata ta fito ta buɗe kula ta farko, ta daɗe tana kallo, sannan ta shiga ta kira maƙwabciyarmu, wata Anti 'yar Kumasi, ta ce ta zo da wuƙaƙenta da babban baho. Na ware wa dattijon cinya guda da rabin naman gadon baya, ya yi ta musu, na sa masa a mota da kaina. Sauran muka kasa, na bi gidajen 'yan'uwa ina miƙawa. Gida biyu suka ce sun gode, ba sa ci. Na ce madalla, na ƙara wa na gaba.

Anti ta ɗaga wani yanki ja wur ta juya shi a haske, ta ce ba kitse ko kaɗan, wannan sai dai kilishi. Matata ta ce dambu za ta yi. Suna cikin wannan gardama na cire takalma na miƙe ƙafafuna a kan kujera, sai a lokacin na ga farcen babban yatsana ya yi baƙi ƙirin. Bai faɗi ba sai a watan Janairu.