Sanyin da ba na Jos ba

Har yau idan na ji ƙamshin gawayi raina ba ya kwanciya. A gidanmu na Gada Biyu a Jos, da an idar da magariba Kaka, mahaifiyar babanmu, za ta sa a kawo kaskon wuta baranda, mu kewaye shi muna gasa masara. Ta iya tatsuniya, ba ƙarya. Sai dai Kaka ba ta yi wa kowa faɗa baki da baki. Wanda ya ɓata mata rai, a cikin labari zai tsinci kansa, mu yara mu yi ta dariya.

Wadda ta fi shiga labari ita ce Umma, mahaifiyata. Kullum cikin rigar sanyi biyu take, ko da rana ta take. Ta yi ƙiba ba tare da wani cin kirki ba, fuska a kumbure, gashi na bin mataji. Tana tuƙa tuwo sai ta zauna ta huta. Maƙwabta suka ce garin ne bai karɓe ta ba. Kaka kuwa da tata fassarar.

"Wata mata aka yi a Naraguta," in ji ta, tana juya masara, "zamanin da mata ke wankin kuza." Kullum ƙawayenta su biyo mata da asuba, ta ce su yi gaba, sai rana ta ɗaga. Rana ta ɗaga, ta ce sai ta ɗan ƙara zafi. Tana nan zaune a bakin ƙofa har ƙafafunta suka daskare, ciyawa ta fito mata a ka, ta zama dutse. "Ku je ku duba, tana can. Awaki ke hawanta. Ragwanci kenan, 'yan nan!"

Ni na fi kowa ƙyaƙyatawa, har da satar kallon Umma. Ita dai sai ta ƙara jan mayafi.

Ina da shekara talatin da 'yan kai, ina koyarwa a wata firamare ta Titin Bauchi, abin ya zo kaina. Gyangyaɗi a gaban ɗalibai, mantuwa, al'ada ta rikice, sanyi har cikin ƙashi. Na sha maganin maleriya har na gaji. Wata likita ce ta shafa gaban wuyana, ta sa aka ɗebi jini. Ta ce akwai wata 'yar tsoka a maƙogwaro, tayiroyid, mai fitar da sinadarin da ke tafiyar da ƙarfin jiki. Tawa ta yi rauni, kuma mata abin ya fi kamawa. Ƙwaya ɗaya kowace safiya da ruwa, kafin a ci komai, a riƙa komawa gwaji ana daidaita ta. Sannan ta tambaye ni, "Akwai mai irin wannan a gidanku?"

Nan take Umma ta faɗo mini a rai. Washegari na je na ɗauko Umma, tana ta mita: "Ke Binta, ni da na tsufa, me za a gwada kuma?" Sakamakonta ya fi nawa muni.

Kaka ta rasu tuntuni. Na so in ji haushinta, na kasa, don ba ta sani ba, kuma ita ta goye ni. Haushin kaina nake ji. Wata uku da Umma ta fara shan ƙwayar, na tarar da ita tana shara tana 'yar waƙa, muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba. Ta jingine tsintsiyar ta dube ni.

"Binta, wato dama ba halina ba ne?"

Na ce a'a, Umma.

"Shekara talatin ina roƙon Allah Ya yafe mini lalaci," in ji ta. Ta sunkuya ta ci gaba da shararta.