Linzamin Kwamfuta a Bayan Faranti

Ni ne ba ni da gaskiya. Da muka sayar da shinkafar fadama, yayana ya ce mu sayi akwatin gem, wato na'urar wasan bidiyo, mai hannu biyu mu jona da talabijin ɗin falo. Na yi masa dariya a gaban abokansa, na ce kayan 'yan ƙauye ne, su wayayyu a kwamfuta suke bugawa. Ya bar mini zaɓi, na sayo kwamfuta.

Falonmu ba tebur. Ga ni, wayayye, durƙushe a darduma, ina jan linzamin kwamfuta a bayan farantin tuwo, ni kaɗai nake bugawa, saura suna hamma. Abokan suka daina zuwa, yayana ya koma hira bakin kasuwar kifi. Can na same shi.

"Yaya, taurin kaina ne ya watsa mana falo. Ka yafe mini."